Nasarar Tsibiri Guda Ɗaya Tak

Duk wanda ya ce maka Tsibiri unguwa ce, to baƙo ne a birni, ka yi masa uzuri. Tsibiri ƙasa ce. Gida talatin da uku ne cif a wani lungu can bayan karofi, ta wajen Ƙofar Mata, kwata ta kewaye shi gabas da yamma, in ruwa ya sauka kuwa sai ka naɗe wando kafin ka shiga. Mai unguwar gabas ya ce lungun na mai unguwar yamma ne. Na yamma ya ce Allah ya kiyaye, na gabas ne, musamman in maganar yasar kwata ta taso. Da mutanen lungun suka ga ba mai son su, sai suka ce to shi ke nan, sun ci gashin kansu. Ba su da sarki, ba su da tuta, famfonsu ma rabonsa da ruwa tun ana yara, amma suna da ƙungiyar ƙwallo ta ƙasa tun shekarar saba'in da huɗu.

Tarihin ƙungiyar nan ba a takarda yake ba, a kan Malam Ɗalha yake, wanda ake ce wa Ɗalha Mai Kai. Marini ne ɗan marini, shekararsa sittin da tara, hannayensa shuɗaye har gwiwar hannu, ko sabulun duniya aka tara ba za su koma yadda Allah ya yi su ba. Ka tambaye shi shekarar da aka haifi ɗansa Yusuf, sai ya ce bari ya tambayo matarsa Kulu a cikin gida. Amma ka tambaye shi wa ya buga lamba huɗu ranar da aka ci Tsibiri sha huɗu da nema, zai gaya maka sunansa da sunan ubansa da ciwon da ke damunsa a ƙafar hagu, sannan ya ƙara da cewa biyu daga cikin sha huɗun nan ba su halatta ba.

Abin da tarihin ya ƙunsa, in za a faɗi tsakani da Allah, shan kashi ne. Shekara hamsin da ɗaya ana dukan Tsibiri a gasar unguwanni, ba hutu ba tausayi. Canjaras goma sha ɗaya suka taɓa yi, kowanne da sunansa kamar ɗan da aka yanka wa rago. Akwai canjaras ɗin ruwan sama. Akwai na ranar da rafali ya duba agogo ya tuna yana da ɗaurin aure, ya tashi wasa saura minti ashirin. Akwai wanda abokan karawar suka zo su bakwai saboda motarsu ta mutu a hanya, shi ma da ƙyar aka sha, Malam Ɗalha yakan ce a daina ambaton adadin mutanen, ai ba shi ne tarihi ba.

Laifin kuwa rabinsa na jesi ne. Marina 'ya'yan marina su je kasuwa su sayo riga mai launi? Ai abin kunya ne. Farin yadi suke saya, a ɗinka, su tsoma a karofi da hannunsu. To kuma marini ba ya sallamar tufa sai an buge ta, don haka sai a shafa shuni, a kai wa masu bugu su yi ta lafta mata sanda a kan gungume har ta riƙa ƙyalli kamar turkuɗi. In suka fito fili, kai, wallahi sai ka ce angwaye. Amma da zarar gumi ya karyo, duk wanda suka taɓa sai ya ɗauki shaida. Rafali ba ya ma wahalar da kansa da gudu. Ɗan wasa ya faɗi, ya zo ya juya masa baya, rafali ya ga yatsu biyar a kafaɗa, ya busa fenariti. An yi ta ba su shawara su bar bugun nan. Suka ce tufar da ba a buga ba aiki ne da ba a gama ba, su ba za su fita da rabin aiki a gaban jama'a ba. Har gobe a haka samarin yanzu suke fita.

Duk da haka Tsibiri ta taɓa ci. Sau ɗaya tak, a saba'in da takwas, ɗaya da nema, kuma ba kowa ta ci ba sai Walƙiya ta unguwar gabas, masu fararen riguna, waɗanda har aka zo ranar ba a taɓa jefa musu ƙwallo a raga ba a gasar. Malam Ɗalha ne ya ci, yana da shekara ashirin da biyu.

In yana ba da labarin a rumfar karofi, inda dattawan lungu ke zama bayan la'asar, miƙewa yake yi tsaye. "Saura minti biyu a tashi, babu ci. Ismail kyaftin ya bugo kwana. Sai na tashi sama. Na tashi, na tashi, har ina hango masu goro a bakin titi. Na sa masa kai, nan, daidai goshi. Sai raga!" Kowace shekara tsallen ƙaruwa yake yi. Bara har hasumiyar masallaci ya hango.

Golan Walƙiya a ranar wani dogon saurayi ne tela, Salihu, wanda birni ya yarda ba kamarsa a raga. An ce ma wani mutum ya zo musamman daga babbar ƙungiya don ya ga wasansa. Ƙwallo na shiga Salihu ya zabura yana ihu, "Hannu ne! Wallahi hannu ne!" Ya bi rafali har tsakiyar fili, ya ci kwalarsa. Aka kore shi, aka dakatar da shi shekara guda, baƙon ya hau babur ɗinsa ya tafi, Salihu bai sake tsayawa a raga ba. Abin da ya rage masa sai suna. Salihu Hannu-ne. Shagonsa ya zama shagon Hannu-ne, 'ya'yansa 'ya'yan Hannu-ne, jikokinsa ma da shi ake kwatancensu a makarantar allo. In mutane suna son dariya sai su je su tambaye shi yadda aka yi, shi kuma bawan Allah ya ɗauko rantsuwa tun daga farko, su yi ta ƙyaƙyatawa.

To, ni da kai, hannu ne. Ɗalha ya yi tsalle, gaskiya ne, amma Salihu ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda. Da ya ga kan ba zai kai ba, sai ya ɗaga hannun dama a gefen kunne ya ɗan taɓa ƙwallon, taɓawa kaɗan, irin ta korar ƙuda. Mutum goma sha biyar a cunkushe gaban raga, rana kuma tana dukan idon rafali. Kafin ya sauko ƙasa an ɗauke shi a kafaɗa ana kiran Mai Kai. Da farko ya yi niyyar in hayaniya ta lafa zai faɗa. Hayaniyar ce ba ta lafa ba har shekara arba'in da bakwai.

Sai bana Yusuf ya samar masa kujerar Makka. Murna a gidan ba a magana. Malam Ɗalha ya shiga zuwa bita da sauran maniyyata, yana zama a sahun gaba, yana gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa. Ranar nan malamin bita ya ce, "Alhazai, ku saurara da kyau. Abin da ke tsakaninka da Ubangiji, in ka je ka roƙa, Mai gafara ne. Amma haƙƙin mutum yana nan yana jiranka, ko sau goma ka je ka dawo, sai mai shi ya yafe. Kafin jirgi ya tashi kowa ya bi mutanensa gida-gida." Malam Ɗalha ya waiga hagu da dama ya ga ko wani na kallonsa, sannan ya tura hannun dama cikin aljihu.

Ya bi mutane kuwa, ba laifi. Sati biyu yana yawon sallama da neman gafara. Wanda ya taɓa ɓata wa rawani a karofi, ya je. Maƙwabcin da suka yi shekara shida ba sa ga-maciji saboda indararo, ya je, har suka yi kuka. Ya dawo ranar wata Talata da azahar, ya zauna a tabarma, ya ce alhamdulillahi ya gama.

Kulu tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba. "Malam, ka je Jakara, ka je Ƙofar Wambai, har wajen Gwaggo Sa'ida ka je, wadda ba ta ma gane ka ba, ta yafe wa wani daban. Gidan Salihu fa? Ga shi nan tsallaken kwata."

"Me na yi wa Salihu?"

"Oho. Ni ina na sani, ina cikin gida? Na dai ga shekara arba'in in aka zo labarin nan, goshi kake nunawa da hagu, dama tana aljihu. Na ce ko sanyi take ji."

"Ke dai Kulu ba kya rabo da neman magana."

"Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji." Ta ja kalmar Alhajin nan har sai da ya ji ta a ƙashin bayansa. Abincin ranar bai ci rabi ba.

Washegari da hantsi ya saka babbar riga, ya taka katakon da aka gitta a kan kwata, ya fita daga ƙasar Tsibiri zuwa unguwar gabas. Tafiyar ba ta kai ta minti uku ba, amma sai da ya tsaya gaisuwa da mutum tara, har da wanda bai sani ba.

Salihu yana zaune a zaurensa a kan buzu, rediyo a gefe, keken ɗinkin an lulluɓe shi da tsohon zane a lungu. Shekara huɗu ke nan idonsa ya tafi. Tsawon yana nan, sai dai ya rankwafa. Shi da Ɗalha ba gaba suke yi ba, suna haɗuwa a jana'iza da sallar Idi a yi musabaha, amma maganarsu ba ta taɓa wuce lafiya lau ba.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Warin karofi nake ji. Wane ne daga Tsibiri?"

"Ni ne, Ɗalha."

"A'a. Mai Kai da kansa? Bisimilla."

Aka gaisa. Aka tambayi iyali, aka tambayi jiki, aka tambayi zafi, aka koma kan iyali. Da gaisuwa ta ƙare ƙaf, ba sauran abin tambaya, Ɗalha ya yi gyaran murya.

"Wato tafiya ce ta kama ni, Yusuf ya matsa sai na je bana. Shi ne na ce bari in zo mu yafi juna. Ka san zaman tare."

"Madalla. Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Ni dai ban san na yi maka komai ba. Kai me ka yi mini?"

"To, ka san ɗan Adam. Akwai abin da aka sani, akwai wanda ba a sani ba."

"Wanda ba a sani ba na yafe. Wanda aka sani fa?"

Malam Ɗalha ya leƙa ƙofar zaure, ya leƙa ta cikin gida. Ba kowa sai wata akuya. Ya matso, ya sunkuyar da kai, ya yi magana can ƙasan maƙoshi.

Salihu ya kashe rediyo. "Kunnen ma ya fara bin idon. Me ka ce?"

"Na ce hannu ne."

"Hannun wa?"

"Haba Salihu. Nawa. Hannu ne, da hannu na ci ka. Kai ne mai gaskiya tun ranar. Ka yafe mini don Allah."

Ya zaci Salihu zai yi ihu, ko ya yi zagi, ko ya lalubo sanda. Bai yi ko ɗaya ba.

Can ya ce, "Ɗalha, a gaban mutum nawa ka ci ni?"

"Da yawa."

"Har kan katangar makaranta mutane ne. Mahaifina yana wurin, ranar ce kaɗai ya taɓa zuwa kallona. Ya rasu yana ce mini in daina rantsuwa a kan wasan banza, in karɓi ƙaddara. Ka ci ni a fili, rana tsaka, sannan ka zo kana yi mini raɗa a zaure, shaidarmu akuya? A'a. Jibi Juma'a, bayan la'asar, a rumfarku, lokacin da ta cika. Inda kake ba da labarin, nan za ka gyara shi. In ka yi, sai mu yi maganar yafiya."

Ɗalha ya dawo gida. Ba sunan Mai Kai ne kawai ke cin ransa ba, ko da yake shi ma yana ci, kada in yi maka ƙarya. Abin da ya fi damunsa Tsibiri. Mutanen da ba su da komai sai ci ɗaya. Ɗan Tsibiri ko a ina aka tsokane shi, a makaranta ko a kasuwa ko wajen neman aure, amsarsa guda ce: mun ci Walƙiya a saba'in da takwas. Yanzu shi da bakinsa zai je ya tuɓe su a bainar jama'a, ya hau jirgi ya bar su da shan kashi zalla da canjaras goma sha ɗaya? Ya yi tunanin ya yi shiru ya tafi abinsa, ai ya faɗa wa mai haƙƙi, saura kuma taurin kan Salihu ne. Sai maganar malamin bita ta dawo masa, sai mai shi ya yafe. Ranar Alhamis ya tsoma farar shaddar wani a ramin da ba nata ba, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo.

Kulu ta dube shi da ya shigo, ta ce, "Malam, in ciwo ne a je asibiti tun kafin a zo gwajin alhazai. In kuma magana ce, ai faɗa ake yi."

Ranar Juma'a da aka sallame la'asar, shi da kansa ya je ya ɗauko Salihu. Ya riƙe kan sandar, Salihu ya riƙe gindin, ya tsallakar da shi katakon kwata yana cewa a hankali, saura taki biyu. Rumfa ta cika maƙil, don an san saura kwana huɗu maniyyaci ya shiga sansanin alhazai, kowa ya zaci sallama ce. Dattawa a kan tabarmi, samarin ƙungiyar yanzu a tsaitsaye ta baya, masu bugu sun ajiye sandunansu. Da aka ga wanda ya jawo, sai aka fara murmushi ana taɓa juna. Wani ya ce, "A'a, yau har da Hannu-ne? Lallai labari zai yi daɗi."

Ɗalha ya zaunar da Salihu a kan benci. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Ya ce saura minti biyu a tashi, babu ci. Ya ce Ismail ya bugo kwana. Jama'a suka gyara zama, ana jiran a ji abin da zai hango bana.

"Na yi tsalle," in ji shi, "ban kai ba."

Ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗaga shi sama.

"Da wannan na ci. Hannu ne. Salihu bai taɓa yin ƙarya ba, ni ne na yi, shekara arba'in da bakwai. Ku yafe mini, na ɓata muku tarihi."

Samari suka yi tsuru-tsuru, baki sake. Ɗaya ya dafe kai ya ce innalillahi. Ɗalha ya runtse ido yana jiran abin da zai biyo baya.

Abin da ya biyo baya muryar Ismail ce, tsohon kyaftin, ɗan shekara saba'in da biyar, yana gurza goro a murfin gwangwani saboda haƙora sun yi sallama. "To," in ji shi, "sai kuma me?"

Ɗalha ya buɗe ido. "Kamar yaya sai kuma me? Ce maka na yi hannu ne."

"Mun ji. Ɗaga kanka ka dubi abin can."

A saman rumfar, cikin wata tsohuwar raga, ƙwallon ranar ne a rataye, ya motse ya yi baƙi-baƙin shuɗi. Nan yake tun saba'in da takwas, har an daina ganinsa.

"Me ya sa muka rina shi?" in ji Ismail.

"Ai karrama ni kuka yi. Ka ce a sa masa launin ƙasarmu."

"Karramawa! Ji mutum don Allah. Sabon ƙwallo fari ƙal, ka goge gumi a jesi ka je ka mara masa hannu. Yatsunka biyar ne a jiki raɗau, ko daga bakin fili ana iya ƙirgawa. Ana can ana ɗaga ka sama, ni na tsame shi daga raga na cusa cikin riga, ban tsaya ba sai karofi. Sau uku na tsoma shi kafin 'yan Walƙiya su tuna su nemi abinsu. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ya motsa mini ramin."

"Baba?"

"Shi fa. Ya ce in ƙara na huɗu, babban yatsa bai ɓace ba."

Rumfa ta kece da dariya. Dattawa har da riƙe ciki, wani yana cewa ai har matan lungu sun sani, wani yana cewa shi a bakin kakarsa ya ji. Ɗalha ya tsaya sororo, hannu a sama ya manta bai sauke ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wato duk shekarun nan da yake tashi sama yana hango masu goro, mutanen da ke ce masa, "Sai kuma yaya, Mai Kai?" sun san komai, zuga shi kawai suke yi su ga inda tsallen zai tsaya.

Dariyar ta fara mutuwa ne daga gefen benci, ta bi layi har ta ƙare. Salihu ba ya dariya. Ya dafa sandarsa da hannu biyu, ya juya fuskarsa wajen da muryar ta fito.

"Ismail. Kai ne ka yi maganar nan?"

Ismail ya ajiye murfin gwangwani. "Ni ne."

"Kai da muka ɗauki makarar mahaifina tare? Shekara talatin ni nake ɗinka wa 'ya'yanka kayan salla. Ka shigo shagona ka zauna, a kawo shayi mu sha, ka ce mini, Hannu-ne an tashi lafiya? Ashe ka ga yatsun da idonka?"

"Don ƙasarmu ne, Salihu," in ji Ismail, murya ƙasa-ƙasa. "Ci ɗaya gare mu."

"Ni kuma suna ɗaya gare ni."

Dattawan da suka gama riƙe ciki yanzu kowa tabarma yake kallo. Wallahi ni kaina da nake ba ka labarin nan, wajen nan ba ya yi mini daɗin faɗa. Wasa ne, kowa ya ɗauke shi wasa, a kan mutum ɗaya ne kawai bai taɓa zama wasa ba, ga shi kuma zaune a gabansu hawaye na bin gemunsa.

Salihu ya sa hannun riga ya share fuska. Ya ja numfashi.

"Cin, ku riƙe abinku. Me zan yi da shi yanzu? Rafali ya busa, ya ma rasu. Ku bar yaran nan da abin faɗa." Samari suka saki ajiyar zuciya a tare, har sai da aka ji. "Ɗalha kuwa na yafe masa duniya da lahira, don shi ya tako da ƙafarsa. Sauran ku, kowa ya jira ranar da ya samu kujerar Makka. Kun san gidan, tsallaken kwata ne."

Wani ya yi 'yar dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

"Ɗalha, kana ina?"

"Ga ni."

"Matso. Wanne ne?"

Ɗalha ya durƙusa a gaban bencin ya miƙa masa hannun dama. Salihu ya jingine sanda, ya kama shi da hannu biyu. Ya shafa tafin, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya juya bayan, kamar yadda yake duba yadi a da kafin ya sa almakashi.

"Ɗan ƙarami ma," ya ce. "Na zaci ya fi haka."

Bai saki ba. Ya jawo hannun ya riƙe a ƙirjinsa.

"In ka je, da wannan za ka ɗaga ka yi mini addu'a. Kuma ka faɗi sunana yadda ubana ya raɗa mini, kada ka ƙara komai a kai."

Ɗalha ya gyaɗa kai, ya manta mutumin ba ya gani.

"Ban ji ba," in ji Salihu.

"Na ji, Malam Salihu. Zan faɗa."